Tambayoyi da Amsoshi: Idan Gejin Injin Gas Ya Rikice ko Ƙarfinsa Ya Ragu

Wannan shafi na masu hulɗa da ƙananan injinan gas ne, wato dizal, daga mai silinda ɗaya zuwa mai huɗu. Tambayoyin daga ɓangare biyu suke zuwa. Akwai masu janareto da injin niƙa a nan cikin Kano, daga Dakata zuwa Sharaɗa. Akwai kuma yaranmu da suka koyi aiki a gareji suka tafi Legas, inda wasunsu ke kula da injinan jiragen ruwa masu filafilai, waɗanda iska ke turawa amma ake ajiye musu ƙaramin inji don shiga da fita, ko don lokacin da iska ta kwanta. Na haɗa su wuri guda saboda yawancin abin da ke damunsu iri ɗaya ne: waya da hanyar mai. Famfon injekta, mai tura gas cikin silinda da matsi, wanda kowa ke gaggawar ɗora wa laifi, shi ne na ƙarshe a layi.

Oga, me ya haɗa bakaniken Kano da injin jirgin ruwa, alhali ba mu da teku?

Injin ai ɗaya ne. Kamfanin Beta Marine na Ingila da Universal na Amurka a kan injin Kubota suke gina nasu, wanda ka saba gani a ƙananan tarakta da janareto. Yanmar na Japan kuma yana da jerin GM da ya cika irin waɗannan jirage tun shekarun 1980: 1GM10 mai ƙarfin doki 9, 2GM20 mai 18, 3GM30 mai 27, dukkansu a juyi 3600 cikin minti ɗaya. Inda suka rabu da namu shi ne babu lagireto da fanka. Ruwan da jirgin ke kai ake zuƙowa ya ɗauke zafi, sannan ya fita tare da hayaƙi ta salansa. Kayan da injin ke ja kuma farfela ce a ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Sai gishiri, wanda ke cin waya da sauri fiye da yadda ƙura da zafi ke cin tamu.

Maigida, allurar gejin zafi ta haura ja, amma ni a kunnena injin lafiya lau yake. Wa zan gaskata?

Ka fara gaskata gejin, ɗana, har sai ka kama shi da ƙarya. Rage totur nan take. In a jirgi kake, leƙa baya ka ga ko ruwa yana fita ta salansa yadda ya saba. In janareto ne, sauke lodi ka duba fanbel da ruwan lagireto, amma kada ka buɗe murfin yana da zafi. Daga nan ka nemo shaida ta biyu. Ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga, wanda ake haskawa daga nesa, shi ya fi sauƙi: haska shi a gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Injin da ke da nasa ruwan sanyi a rufe yana zama tsakanin digiri 75 da 85. Wanda ruwan teku ke ratsa cikinsa kai tsaye ana riƙe shi ƙasa da digiri 60, domin sama da haka gishiri yana fara daskarewa a hanyoyin ruwa. In ma'aunin ya ce 80, gejin kuma yana nuna ja, to gejin ko wayarsa ko sensa ne da laifi.

Gejin lantarki abu ne mai sauƙin fahimta. A bayansa akwai wayar wuta daga makulli, akwai at, wato wayar da wuta ke bi ta koma negatif na batir, akwai wayar da ta tafi sensa a jikin inji, wadda ke auna zafin ta aiko wa geji. Sensar zafi tana ƙara barin wuta ta wuce yayin da ruwa ke ƙara zafi. Don haka ka kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka zare wayar daga kan sensa. Allura ta faɗi ƙasa. Ka taɓa bakin wayar a ƙarfen inji na daƙiƙa ɗaya, allura ta tashi har ƙarshe. In ta yi duka biyun, geji da waya lafiyarsu ƙalau, sensar ce ta mutu. In ka zare wayar amma allura tana nan a sama, wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe. Ka bi ta da yatsa, musamman inda ta wuce kusa da salansa ko gefen ƙarfe mai kaifi.

Duk gejina a tare suke rikicewa. Ina kunna fitila sai zafi ya hau, gejin mai ya motsa.

Geji uku ba sa lalacewa rana ɗaya. Abin da ya haɗa su za ka nema, kuma kusan kullum at ne. Duk allon gejin yana komawa batir ta waya ɗaya. In bakin wannan wayar ya yi tsatsa, wutar fitila sai ta rasa hanyar komawa ta bi ta cikin gejin, allura ta yi ta rawa.

Kada ka tsaya kallo da ido. Waya takan yi kyau a waje alhali cikinta ya zama kore yana marmashewa. Saita mitar awon wuta a kan bolt, wato ma'aunin ƙarfin wuta, ƙafa ɗaya a kan negatif na batir, ɗayar a at na bayan allo, sannan ka kunna fitila. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ka ga rabin bolt ko fiye, ka kama ɓarawon. A jirgi akwai wani babban soket mai baki da yawa tsakanin inji da allo, yawanci yana rataye a wuri mai laima. Zare shi ka haska da tocila. Za ka iske wasu ƙusoshin sun yi fari-fari ko kore, wani lokaci robar gefensu ta narke. A goge da samfefa mai laushi, a shafa ɗan giris na lantarki, a ɗaure shi sama inda ruwa ba zai ɗigo masa ba. Haka za ka yi wa ƙatuwar wayar at da ke ɗaure a jikin inji: kwance notin, kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli.

Na sayo sabuwar sensa a Ƙofar Ruwa, na ɗaura, sai gejin ya koma nuna abu a juye.

Sensar ba lallai jabu ba ce, ba ta dace da gejinka ba ne. Ga gejin tanki da na matsin baƙin mai akwai tsari biyu a duniya. Da om ake auna su, wato yadda sensa ke tare wuta. Na Amurka yana farawa daga om 240 in allura tana ƙasa, ya sauka zuwa 33 in tana sama. Na Turai, irin na kamfanin geji na VDO, yana farawa daga om 10 ya hau zuwa 180. Ka haɗa sensar wannan da gejin wancan, tanki cike zai nuna babu komai. In za ka kasuwa ka tafi da tsohuwar a aljihu da mitarka, ka auna a gaban mai shago, ka kuma gwada zaren notin, don shi ma iri-iri ne.

Abu na biyu: sensa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun at. Farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, in aka naɗa shi da yawa, yana raba ta da ƙarfen inji, sai geji ya mutu ko ya riƙa ƙarya.

Ƙararrawar baƙin mai tana ta ihu tana damun fasinja. Wani ya ce in yanke wayarta.

Wanda ya ba ka wannan shawara ba shi zai biya kuɗin inji ba. Wannan ɗabi'a tana ba ni takaici ƙwarai, domin na sha ganin janareto a garin nan da aka zare wa wayar kariya aka ƙulle da leda, bayan wata biyu a kawo shi ya ƙone metal, wato beyarin cikin inji. Ƙararrawar baƙin mai ita kaɗai ce ba a yi mata gardama. Kashe injin nan take, ko da kana tsakiyar ruwa. Jirginka yana da filafilai da anka.

Bari mai ya kwanta na 'yan mintuna ka zaro sandar awo. In ya yi ƙasa, nemo inda yake zuba, ka ƙara. In ya haura alama kuma ya tsinke yana warin gas, man gas ne ke gangarawa cikinsa, sau da yawa ta robar ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki. In ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya shiga, kada ka sake tayarwa. In komai daidai yake, cire sensar ka ɗaura geji na hannu, mai tiyo, wanda ba ruwansa da lantarki, ka tayar na ɗan lokaci ka kwatanta da adadin da littafin injin ya faɗa. Sai wannan gejin ya nuna matsi mai kyau kafin ka ce sensa ce.

Gejin juyin inji yana tsalle, wani lokaci ya faɗi sifili alhali sautin injin bai canza ba.

A injina da yawa wannan gejin daga altaneta yake karɓar saƙo, saboda haka duk abin da ya sami caji zai bayyana a kansa. Duba fanbel. In ka ga baƙar ƙura ta taru a gaban altaneta, bel ɗin yana zamewa yana cin kansa. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Auna batir: cikakke a hutu yana ba da bolt 12.6, in ya sauka 12.2 rabinsa ya tafi, inji na aiki kuma ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. In inji na gudu mita tana nan a 12 da 'yan kai, altaneta ba ta caji. A wasu Yanmar kuwa sensa ce ta maganaɗisu a kusa da haƙoran filawil. A nan soket ɗinta za ka duba.

Na murɗa makulli na kashe, inji bai mutu ba, geji duk sun mutu.

Haka aka yi shi. Injin gas mai famfo na ƙarfe ba ya bukatar wuta in ya riga ya tashi. Mai ake datse masa, da igiyar ja ko maɓallin tsayarwa. Ka fara tsayar da shi, sannan ka kashe makulli, don in ka juya tsarin ka bar inji yana gudu babu geji babu ƙararrawa. Babban makunnin batir kuwa kada ka taɓa shi inji na aiki, kuma kada ka zare kan batir don gwada caji kamar yadda wasu ke yi a gareji. Hakan yana ƙona diyod na altaneta.

Ina murɗa makulli sai in ji ƙas, shi ke nan.

Sa mita a kan batir, wani ya murɗa. In wuta ta faɗi ƙasa da bolt 10, batir ya gaji. In tana nan a 12, wutar ce ba ta isa kik ba: kan batir, at, ko siririyar wayar da ta taso daga makulli ta ratsa wancan soket. A tsofaffin jirage wannan doguwar wayar ce ke yawan jawo haka, kuma ƙaramin rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, in aka sa shi kusa da kik yana magance ta.

Baba, injin yana tashi lafiya, amma ba ya ja. Da yana kai juyi 3400 a minti, yanzu 2500 ma da ƙyar. Daga ina zan fara?

Wannan ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutane a banza, don haka mu bi ta a hankali. Ka fara tabbatar da cewa gejin juyin ba ƙarya yake ba. Kunnenka da saurin jirgin za su gaya maka. Sannan sa giya a firi ka ba shi totur na 'yan daƙiƙu. In ko a firi bai kai ba, duba igiyar totur ko tana kai hannun famfo har maƙura, domin takan saki. In ya kai a firi amma ya gaza a cikin giya, juya ka kalli hayaƙi, shi zai raba maka hanya biyu.

In babu hayaƙin kirki, injin yana shaƙewa, yana hawa yana sauka, to yunwar mai yake ji. A firi mai kaɗan yake sha, shi ya sa bai nuna ba. Bi hanyar man daga tanki: filtar farko mai kwano, ƙaramin famfo, filta ta biyu a jikin inji. Kalli kwanon, ruwa yana kwanciya a ƙasan gas a fili. Canza filtocin duka biyu, ba ɗaya ba. In matsalar sai bayan rabin awa take zuwa, buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji ya zuƙi iska, injin kuma ya farfaɗo, bututun numfashin tankin ne ya toshe. A nan Kano zanzaro ne gwanin wannan aiki, yakan cika bakin bututun da laka tsaf.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na jarka. Zuba gas mai tsabta a ƙaramar jarka, ka sa tiyon shiga da na dawowa a cikinta, ka tayar. In ƙarfi ya dawo, laifin yana tsakanin tanki da filta, injinka lafiya yake. Ka kuma sa guntun tiyo mai haske a layin don ka ga ko kumfa na wucewa. Ɓangaren da ake zuƙo mai yana iya shan iska ta sakakken kilif ko tsohuwar wasa ba tare da ɗigo ɗaya ya zuba a waje ba, shi ya sa masu neman jiƙa da ido suke wuce shi.

In kuwa baƙin hayaƙi yake yi, mai yana isa, iska ce ba ta isa ba ko kaya sun yi masa yawa. A jirgi fara da farfela. Ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suna manne mata cikin 'yan makonni a ruwa mai ɗumi, ga leda da igiya da kainuwa da suka cika ruwan Legas. Bayan ta sai gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi. Baƙin gawayi da tsatsa suna taruwa a nan har ƙofar ta tsuke yatsa ma ba zai shiga ba, ko da daga waje ba ka ga komai. Kwance ta ka leƙa. Abin da ke saurin toshe ta shi ne barin inji yana silo awa da awanni don cajin batir kawai.

Ni janareto ne da ni a shago, ba jirgi ba. Yaya zan karanta wannan?

Alhaji, gejin da zai gaya maka gaskiya shi ne na Hz, wanda adadinsa ke hawa da sauka tare da juyin inji. Wutar Najeriya 50 ce, kuma yawancin janareton gas a juyi 1500 suke ba da ita. Babu lodi za ka ga wajen 52, da lodi ya zauna kusa da 50. In lodin da ya saba ɗauka yana jan shi zuwa 46 ko 47, ka bi hanya biyun da na faɗa a sama. Maimakon farfela ka tambayi kanka ko an ƙara firiza ko injin walda a layin. Filtar iska kuma a lokacin hunturu ba ta jiran kwanakin da littafi ya rubuta. Ƙurar Disamba da Janairu tana cika ta da wuri. Ka sani kuma ƙarfin da aka rubuta a jikin inji a daidai teku aka auna shi, cikin iska mai sanyi. Kano tana kusan mita 480 a sama, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, don haka ba zai ba ka cikakken adadin ba. Babban janareto da ake tayarwa don ƙwan fitila biyar shi ma yana cutuwa: za ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana tsattsafowa a mahaɗar salansa.

Na canza filta, yanzu ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Iska ce ta shiga. Sassauta notin fitar da iska da ke kan filta ta biyu, ka yi ta danna hannun ƙaramin famfo har gas ya fito babu kumfa, ka ɗaure. In hannun ya yi sakayau ba ya turo komai, juya injin kaɗan da hannu ka sake gwadawa. In bai tashi ba, sassauta notin bututun ƙarfe a kan nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, ka buga kik har mai ya tsarto, ka ɗaure. Nisanta hannunka da wurin, domin gas da ke fita da wannan matsi yana huda fata.

Ga na jirgi akwai gargaɗi mai nauyi. Duk bugun kik famfon ruwa yana tura ruwa cikin tukunyar salansa, babu hayaƙin da zai kore shi. In ta cika sai ya koma cikin silinda. In ka buga sau biyu ko uku bai tashi ba, rufe bawul ɗin shigar ruwa, yana tashi ka buɗe. Kowane bugu kada ya wuce daƙiƙa 15.

Mene ne wannan baƙin kitse mai yauƙi da nake gani a filta?

Ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a mahaɗar ruwa da gas a gindin tanki. Jirgi mai filafilai yakan yi watanni da mai ɗaya, ranar da ruwa ya yi tambal-tambal sai dattin ya tashi ya toshe filta, daidai lokacin da aka fi bukatar inji. Maganin zubawa yana kashe su amma ba ya kwashe gawarsu, dole a zuƙe gindin tankin. Gas ɗin jarka na 'yan bumburutu kuma ka zuba shi a kwalba mai haske ya kwana kafin ya shiga tankinka. Wanda aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfon injekta ke bukata, a hankali yake cinye shi.

Na tabbatar zafin na gaske ne. In cire tamostat?

A'a. Inji mai sanyi fiye da kima ba ya ƙone mai da kyau, yana tara gawayi, kuma ainihin cutar tana nan. A jirgi bi ruwan daga inda ya shigo: leda a bakin ƙofar shigar ruwa, rariyar tace ruwa, sannan robar famfo mai fukafukai. In ka iske fiffike ɗaya ya ɓalle, sabuwar roba ba ta gama aikin ba sai ka nemo guntun, yawanci yana maƙale a bakin bututan sanyaya ruwa. A canza wannan roba duk shekara, a ajiye wata a jirgi. A janareto kuwa, haska tocila ta bayan lagireto. In hasken bai ratso ba, ƙura da maiƙo sun like shi. A wanke daga ciki zuwa waje, a kuma tabbata ɗakin yana da inda iska mai zafi za ta fita.

To yaushe ne za a kai famfon injekta wurin masu gyara?

Bayan gwajin jarka bai canza komai ba, filtar iska sabuwa ce, salansa a buɗe take, an saita bawul, lodi bai wuce ƙa'ida ba. Ko a lokacin, nozul za a fara cirewa a gwada a kan na'ura a ga matsin da take buɗewa da yadda take feshi, don ita ce mai arha kuma ita ta fi saurin gajiya. Farin hayaƙi mai yaji a ido bayan inji ya yi zafi yana nuni gare ta ko ga raunin matsin silinda. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, maganar ringi ce, famfo ba ruwansa. In dai sai an cire famfon, a yi alamar taimin, wato daidai lokacin da famfo ke tura mai, kafin a kwance. A kan Kubota da Yanmar GM akwai siraran faranti a ƙarƙashinsa waɗanda su ke riƙe taimin. A ƙirga su, a ɗaure su da waya wuri guda, a mayar da su yadda aka same su. Notin da kamfani ya sa wa hatimi kuma, mai iyakance yawan mai, kada a bari kowa ya murɗa shi da sunan ƙara ƙarfi.